Gashin Bakin Ango

Tun ana saura mako guda Alhaji Dogara ya daina zancen farashin wanduna. Duk wanda ya leƙo shagonsa a hawa na shida a unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou, ko zaren ɗinki ya zo tambaya, sai ya sha karatun zari-ruga: Afirka ta Kudu za ta sake karawa da New Zealand ranar Asabar, kuma wannan karon ramuwar gayya ce.

Bara warhaka Dogara bai san ana wani wasa da ƙwallo mai siffar ƙwai ba. Wani mutumin Durban ta Afirka ta Kudu ne ya ba shi aikin ɗinka korayen riguna a Xintang, da kaya suka yi kyau ya ja shi kallo. Dogara ya ga ƙarti kamar buhunan masara suna ture juna, ya ce ai wannan kokawa ce da gudu, me ya sa ba a gaya masa da wuri ba? Har yau bai riƙe sunan ɗan wasa ko ɗaya ba, da launin riga yake gane su. Amma ya sa abin a ransa fiye da masu ƙasar.

Karawar da ta gabata, da masu baƙar riga suka yi nasara, a asibiti ya ƙarasa yinin. Likitar ta dubi awon jininsa, ta yi dogon bayani da Sinanci. Najiba, 'yarsa da ke karatu a Tianhe, ta taƙaita masa da kalmar meyo, wato babu: gishiri meyo, ɓacin rai meyo, zari-ruga meyo. Ya bar gishirin.

Mai hura wutar kuwa Ango ne, maƙwabcin shagonsa, Badamagare, abokin wasansa tun zuwansu Guangzhou. Ango bai damu da kowace ƙwallo ba, ya bi New Zealand ne don kawai Bakano ya bi ɗaya ɓangaren. A gaban jama'a suka ƙulla: wanda aka ci ƙasarsa, gashin bakinsa ya tafi. Na Ango kuwa abin kallo ne, har mai yake shafa masa.

Hajiya Lauratu, matar Dogara, ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta ce ba ta biyo shi ƙasar Sin don ta koma da gawa ba. Dogara ya ce rai na Allah ne. Ranar Alhamis sai ga ta ta sauko da kanta. Ta ce ya kalla, amma a gida, ga maganinsa kusa, wayarsa kuma a hannunta don kada masu kaya su dame shi. Najiba ta ce ta lissafa bambancin lokaci, ƙarfe goma na safe za a take, ita za ta haɗa talabijin da kwamfutarta.

Ranar Asabar Ango ya riga kowa zuwa, da reza sabuwa a aljihun gaba. Dogara ya ce wato har ya zo da makamin yi masa aski. Ango ya yi murmushin yaƙe, ya zauna yana shafa gashin bakinsa kamar mai sallama da ɗan uwa a tasha.

Aka take. Hoton ya ɗan yi dishi-dishi, Najiba ta ce laifin intanet ne. Masu baƙar riga suka fara ci, Dogara ya miƙe tsaye, jijiyar wuyansa ta fito. Lauratu ko ɗaga kai ba ta yi daga yankan albasa ba.

"Zauna, Alhaji. Yanzu za su rama."

Suka kuwa rama. Dogara ya ce lallai bakin matar nan akwai sa'a. Har hutun rabin lokaci, da ya saba cin ransa, yau kafin ya kurɓi shayi ya wuce. Ana dab da tashi wani siririn mai koriyar riga ya zari ƙwallo, ya zille wa ƙato biyu, ya faɗa bayan layi da ciki. Dogara ya yi rawar da rabonsa da ita tun yana saurayi a Fagge.

Ango bai yi gardama ba, abin da ba halinsa ba. Ya miƙa rezar, ya rufe ido. Da aka gama leɓensa ya fito fayau kamar na ɗan makaranta. Najiba ta auna jinin Abbanta, ta ce lafiya lau. Lauratu ta zuba wa Ango naman da ya fi na kowa yawa.

Bayan azahar Dogara ya ce sam, sai an zaga da Ango cikin Xiaobei kowa ya gani. Lauratu ta ce rana ta yi zafi. Najiba ta ce ya kwanta ya huta. Ango ya ce kansa na ciwo. Dogara ya saka koriyar rigarsa a kan kaftani, ya ja shi suka fita.

A bakin tashar jirgin ƙasa suka yi kiciɓis da mutumin Durban, shi ma cikin koriyar riga, yana sauri yana duba agogo. Ango ya ja hannun Dogara, ya ce su bi ta wancan titin. Ina! Dogara ya riga ya rungume mutumin, yana yi masa barka da Turancinsa na kasuwa, yana kwatanta yadda siririn nan ya zille wa ƙato biyu.

Mutumin ya saurara har ƙarshe, ya dubi Dogara, ya dubi leɓen Ango.

"Maigida, wannan wasan ai ina cikin filin aka yi shi, tun ɗana yana goye. Na yau sai ƙarfe uku za a take."