Mahaɗin Wutsiya

Kai da kake cewa ƙaramin abu ba ya ɓata tafiya, zauna ka ji wannan misali. Wani mutum ne ya daɗe a ƙasashen mutane, ya dawo gida ba mata ba gida, sai kwali guda ɗauke da sassan ƙaramin jirgin sama, irin wanda ake tuƙawa da rimot daga ƙasa. A can ya koyi haɗa su. Mahaifinsa ya tsufa, ƙafa ta ƙi, ido ya fara hazo. Da ya shafa kwalin sai ya ce, "To, wannan ne abin da ya riƙe ka? Ina so in gan shi a sama kafin idon ya ida tafiya." Mutumin ya baje kaya a zaure ya kama aiki. Shi irin wannan jirgi, a bayan fiffikensa da wutsiyarsa akwai 'yan marafai masu ɗagawa da sauka, da su yake juyawa, da su yake hawa. Abin da ke riƙe da su ɗan mahaɗi ne na roba mai laushi, bai fi farcen babban yatsa ba. Akan tsaga katakon jikin jirgin da na marfin da reza, a cusa rabinsa nan rabinsa can, a ɗiga gam, in ya bushe a ja da ƙarfi a gani. Ya yi wa fikafikan biyu haka. Da ya zo kan wutsiya gam ya ƙare, sai ya cusa mahaɗan haka nan, suka zauna daram kamar an manne, ya ce gobe. Gobe ta zo, ya sayo gam ɗin ya ajiye a taga, hankalinsa ya koma kan fenti. Ja da fari ya yi masa, har da sunan tsohon a gefe.

Ranar tashi aka ɗauko tsohon a Keke Napep zuwa filin ƙwallo, aka dasa masa kujera, unguwa ta taru. A nan mutumin ya tuna bai sa wa wutsiyar gam ba. Ya tsuguna ya ja marfin wutsiyar a hankali, irin jan wanda ba ya son jin amsa. Tsohon ya lura da jinkirin, ya ce, "In da saura ka koma ka ƙarasa, ɗan nan. Ni da na jira ka shekaru, zuwa gida da dawowa ne zai gagare ni?" Shi kuwa ya dubi idon jama'a, ya ce, "Ba komai, Baba, ya kama." Jirgi ya ruga a ƙasa, ya ɗaga, ya wuce kan darbejiya. Tsohon yana ta juya kai yana tambaya, "Ina yake? Ku nuna mini." Kafin a kama hannunsa a nuna masa, iska ta zare marfin, ya yi ta lilo shi kaɗai kamar busasshen ganye, jirgin ya kifo da ka. Ƙarar faɗuwar kawai tsohon ya ji. Bai yi faɗa ba, cewa ya yi, "Allah ya sa iyakarta ke nan."

Inji ya fashe, babu irinsa a garin. Mutumin, da yake dama zama ba ya masa daɗi, ya ce bari ya je Legas ya samo, ba zai jima ba. Yana can aka kira shi a waya. Ya dawo da sabon inji a jaka, ya tarar an shimfiɗa tabarmin gaisuwar rasuwar tsohon a zauren da ya yi aikin, kwalbar gam ɗin tana nan a taga, ko buɗe ta ba a yi ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.