Mai Faskare da Jar Ƙwaya

Ka ce bitamin ɗin da kake sha ya daina yi maka aiki? To, gyara zama ka ji misalin wani mai faskare. Shi wannan bawan Allah shi ke faskara wa wata mai tuwo-tuwo ta bakin tasha itace, kuma da wannan aikin yake riƙe da gidansa. Da kasala ta fara damunsa sai ya je kemis, aka ba shi wata jar ƙwaya ta bitamin, aka ce ya riƙa sha bayan ya ci abinci. Gogan kuwa ba ma'abocin karin kumallo ba ne, goro yake jefawa a baki ya saɓi gatari ya fice. Amma saboda darajar ƙwaya, kullum safiya sai ya zauna ya share ɗumame da man shanu, ya kora da koko, sannan ya haɗiye ta da bisimilla. Ba a jima ba, gungumen da a da yake yini yana lallashi, sara kaɗan sai ya dare. Murna kamar ya taka rawa. Duk wanda ya gamu da shi sai ya sha labarin jar ƙwaya, ɗumame kuwa ko sau ɗaya bai sami godiya ba.

Sannu a hankali ya fara ganin zaman cin abincin nan ɓata lokaci ne, tunda ga ƙarfi a aljihu. Yau a ci rabi, gobe a ce "sai na dawo," har aka koma gidan jiya, daga goro sai ƙwaya. Gatari ya soma yi masa nauyi. Ya ce lallai jikinsa ya saba da ja, ya koma ruwan ɗorawa. Ita ma ta ƙi, ya sayi koriya, yana sha yana tsine wa masu jabun magani. Itace ya taru ba a faskara ba, har mai tuwo ta ce in haka za a ci gaba za ta nemi wani. Hankalinsa ya tashi ƙwarai. Washegari ya zo da zuciya, ya ɗaga gatari ya kafta, gatari ya maƙale a gungume, shi kuma jiri ya zaunar da shi daɓas. Matar ta dubi busasshen leɓensa, ta dire masa tuwo da miyar kuka. Ya sa hannu ya tashi da shi tas, ya suɗe kwano, sannan ya laluba aljihu ya jefa ƙwaya. Da ya ɗan huta gumi ya tsatsafo, ya miƙe ya zare gatari, sara ɗaya itace ya rabe. Ya washe baki ya ce, "Inna, kin gani? Wallahi maganin ya dawo!" Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Ya dawo kam, ɗan nan. Ka riƙa biyowa ta nan da kwanonka kowace safiya, ina dawo maka da shi."

Don haka kafin ka ɗora wa ƙwaya laifi, leƙa tukunyarka tukuna. Hausawa dai sun ce, da ruwan ciki ake jan na rijiya.