Maginin Da Ya Guji 'Yan Dubiya

Tunda ka ce lafiyarka ƙalau, kuma mai lafiya ba shi da abin yi a asibiti, zauna in ba ka misalin wani magini. Har yau in na tuna shi raina ɓaci yake yi, rabi da shi, rabi da mutanen garinsu.

A garin babu wanda ya kai shi sanin soro. Da zarar bazara ta kama, aka fara hango hadari daga gabas, sai a yi ta rububinsa, kowa na so ya hau masa rufi ya yi yaɓe kafin ruwan fari. In ya hau, da tafin hannu yake bin rufin yana shafawa, har ya tsaya kan tsagar da ba ta fi zare kauri ba, ya cike ta da ƙasa da makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, ya gyara bakin indararo. Maigidan da ya kuskura ya ce ai ɗakinsa bai taɓa yoyo ba, nan take zai sha faɗa, don maginin ba ya raga wa kowa. Yakan ce ranar da ka ga ɗigo a kan gadonka, azara ta daɗe da ruɓewa.

Wata rana ya raka matarsa ɗakin shan magani, sai malamar asibitin ta ce shi ma ya miƙo hannu. Ta ɗaura masa abin awo, ta duba, ta sake aunawa, sannan ta gaya masa jininsa ya hau ƙwarai. Ya yi dariya, ya ce shi da yake gama soro uku a wuni, ko ciwon kai bai sani ba. Ta ce ai haka wannan ciwon yake, ba ya sallama in zai shigo. Ta ba shi ƙwayoyin wata guda da kati, ta ce ya rage gishiri, ya riƙa dawowa awo sau ɗaya a wata.

To, mutanen garin suna da wata al'ada. In aka ga mutum ya fito daga asibiti da kati a hannu, kafin la'asar zaurensa ya cika da 'yan dubiya, wannan da kwanon kunu, wancan da lemo, ana ta sannu da jiki. Zumunci ne, ban musa ba. Amma wanda aka yi wa dubiya babu mai yarda ya sake taka masa tsani, kowa na gudun a ce a gidansa ya faɗo. Haka kuwa aka yi wa maginin nan. A cikin mako ɗaya gidaje uku suka ba wani aikin rufinsu, wai don tausayinsa. Abin ya ci masa rai, domin hawan soro shi ne abincinsa, shi ne kuma mutuncinsa. Ya shanye ƙwayoyin, ya cusa katin a ƙarƙashin tabarma, ya rantse ba za a ƙara ganin ƙafarsa a bakin asibiti ba.

Malamar ba ta yi kasala ba. Sau biyu tana aiko matarsa da saƙo, har ta ce ya zo ranar Juma'a da sassafe ta ƙofar baya, lokacin da babu layi. Ya ce garin da ko kaza ta yi ƙwai sai an ji a kasuwa, wace ƙofar baya? Matar ta yi magiya har ta gaji, amsarsa ɗaya ce: a gaya wa malama ya warke. Aiki ya dawo masa. Shekara biyu yana hawa yana sauka, yana yi wa tsaransa masu ciwon gwiwa ba'a, kowa ya manta da zancen kati, har shi kansa.

A bazara ta uku, rana tsaka yana kan wani soro, sai curin ƙasa ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi. Ya buɗe baki zai kira mutanen gidan, harshe ya yi nauyi. Da igiya da tabarma aka sauko da shi. Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yanzu duk mako biyu a cikin kura ake tura shi asibiti, ta tsakiyar kasuwa, kowa na gani, kuma ko safiya ɗaya ba ya tsallake ƙwayarsa. Malamar ta gaya masa gaskiya: maganin zai tare masa faɗuwa ta biyu, amma hannun da wuya ya dawo.

Ranar da na je gaishe shi, na tarar da shi a zaune a ƙofar gida. Ya sa hannun hagu ya ɗago na daman, ya ɗora a kan gwiwarsa, ya daɗe yana kallonsa. Can ya ce, da bakinsa da ya karkace, "Sau ɗaya fa a wata ta ce." Sai da na fita na share idona.

Kai da hannuwanka biyu ke aiki yau, tashi ka je a auna ka. Masu iya magana ba su yi ƙarya ba da suka ce rigakafi ya fi magani.