Mala'ikar da ke Kusa da Taga

Lokacin kullen korona, ina zaune ni kaɗai a ɗakina a Al Rayyan, can ƙasar waje, na tuna wani yammaci a Jos. Fada, limamin cocinmu, ya ba Baba hoton wata tsohuwar majami'ar Turai, cike da mala'iku da ruwan zinare, ya ce ya zana irinsu a cocinmu. Ina riƙe masa gwangwanin fenti.

"Baba, me ya sa wannan mala'ikar da kake zanawa kusa da taga baƙa ce?"

"Tsaya cak, Uwata. Hancinki nake zanawa."

A cikin kullen nan ya rasu, babu jirgin zuwa gida. Ƙanena ya ce in daina kuka, ai ina jikin bango ina kallo sa'ad da aka shigo da gawarsa coci.