Ƙanwar Tasalla

Malam Kalilu, malamin asibitin Jibiya, ya ɗaga ido daga madubin likita ransa a ɓace. Bayan gidan da aka kawo masa a gwangwani ba alheri: ga ƙwan macijin ciki, ga na tsutsar nan mai shan jini.

Tasalla ce ta kawo, tsohuwar da katanga ɗaya ta raba gidanta da nasa. Ta ce na ƙanwarta ne da ke aure a Ɗan Isa, hayin iyaka, ɓangaren Faransa.

"Iri biyu na, Inna," in ji shi. "In na ba da magani da ka, macijin ya dunƙule shi toshe mata hanji. Sai na ga idonta, na auna ƙarhinta. A kawo ta."

"Ba ta iya zuwa gabanka, Malam. Ka ba ni kurum."

Kalilu kuwa in ya kafe, sai Allah. Ya hana.

Tasalla ta yi ta zarya. Yau ƙafafun ƙanwar sun kumbura, gobe ta fara cin ƙasa. Amsar dai ɗaya ce, a kawo ta. Abin na cin sa, har yakan kai ƙorafin gida, inda matarsa Salmatu, mai cikin fari, takan ajiye masa tuwo a durƙushe, lulluɓi har goshi, kai a sunkuye don kunya.

"Za su kashe baiwar Allah a banza!" yakan ce.

"Allah shi ba ta lahiya," takan amsa a hankali.

Da kaka naƙuda ta zo wa Salmatu. Jinin da ta zubar bai taka kara ya karya ba, in ji ungozoma, amma Salmatu ta rasu, ita da jaririn. Kalilu ya yi kuka kamar yaro.

Ranar addu'ar uku ya tare Tasalla a zaure.

"Inna, na rasa tawa, kada ki rasa taki. Gobe ni da kaina za ni Ɗan Isa da maganin."

Tsohuwa ta zube ƙasa, ta toshe baki da mayafi.

"Wurin wa, Malam? Ni ba ni da ƙanwa. Ta bisa katanga Salmatu ta miƙo mani gwangwanin, ta ce gara ta mutu da mijinta shi san nata na."