Maganar da Ɗakin Cin Abinci Ya Haɗiye

Shekara tara mai gyaran agogo bai ji muryar yayansa ba. Saɓani suka samu ranar wani biki, kowa ya rantse ba zai ƙara taka ƙofar ɗan'uwansa ba. Rantsuwar ta fi ƙarfinsa, kewa kuma tana cinsa. Ya kai shekara sittin, amma babu abin da yake marmari irin ya ji an ce masa "Autan Inna".

Ran nan babban ɗan Yaya ya zo shago. "Baffa, an yi wa Baba aiki a maƙogwaro. Ya ce ku haɗu a gidan abincin bakin tasha, tunda ku biyun taurin kanku iri ɗaya ne."

Mai gyaran agogo ya san wurin tun yana da labule masu kauri da kujerun katifa. Sabon mai gidan ya kwashe su duka. Tayil a ƙasa, tayil a bango, gilashi ta ko'ina, kujerun ƙarfe, ga talabijin biyu kowace da tasharta. Cokali ɗaya in ya faɗi, sai ka ji kamar goma.

Yaya na zaune a tsakiyar ɗakin, ya rame, wuyansa a naɗe. Ɗansa ya koma mota don ya ba su wuri.

Yaya ya fara magana. Leɓɓansa na motsi, muryar kuwa siririya ce kamar zare.

"Na'am, Yaya?"

Ya maimaita. Daidai nan wani ya ja kujera.

Mai gyaran agogo ya tashi ya sami mai gidan. "Don Allah a rage talabijin ɗin nan. Mara lafiya ke gare ni."

"Haba Baba, nan ba asibiti ba ne. Wuri in ya yi tsit, masu wucewa cewa za su yi abincinmu ba daɗi. Hayaniyar nan ita ce tallata."

Ya dawo ya matso da kunne. Sau biyu ya ce "na'am". Na uku ya ji kunya, don bai saba sa babba ya yi ta nanata magana ba. Sai ya shiga gyaɗa kai.

Yaya ya daɗe yana magana, har da hawaye. Can ya tsaya, ya zuba wa ƙanensa ido, alamar tambaya ya yi yana jiran amsa. Mai gyaran agogo bai san me aka tambaye shi ba. Yaya ya jira, ya jira, sannan ya dafa tebur ya miƙe.

"Gobe zan je gida in same shi," in ji mai gyaran agogo a ransa. Gobe ta zama jibi. Bayan kwana huɗu aka aiko masa da rasuwar Yaya.

Bayan an dawo daga maƙabarta ya ja ɗan Yaya gefe. "Me babanka ya ce zai faɗa mini?"

"Baffa, ai ku kaɗai ya faɗa wa."

Masu gidajen abinci, ba ciki kaɗai ke kawo mutane wurinku ba. Ku rataya labule, ku sa wa ƙafafun kujera roba, ku rage sauti. Kai kuma mai karatu, in ba ka ji ba, ka ce ba ka ji ba, ka kama hannun ɗan'uwanka ku fita waje. Wata maganar sau ɗaya ake yinta.