Kujerar da ta Gasa Suruki

Tun da na ga kai ma ka fara zagaya masu sayar da motoci kana shurin taya da ƙafa kamar ka san abin da kake dubawa, zauna in ba ka misali.

An yi wani falke mai fataucin albasa. Shekara ta yi masa kyau, ya tashi takanas har Kwatano ya sayo wagon, doguwar motar nan ƙirar Turai mai faffaɗan baya, wadda za ta haɗiye buhu shida ta ce a ƙaro. Ta hannu ce amma fes take, daga ƙasar da aka ce in ka tofar da yawu ƙanƙara ke faɗowa. Mai sayarwa ya ce, "Alhaji, zauna in nuna maka maɓallan nan, suna da yawa." Falke ya waiga ya ga mutanen garinsu biyu da suka rako shi sun zuba masa ido, sai ya ce, "Ni da na yi shekara goma sha biyu ina jan akori-kura za a koya wa mota? Miƙo makulli." Ya kawo ta gida ya shiga yi mata hidimar da bai taɓa yi wa jikinsa ba. Kullum da safe wanka, sannan ya bi maɓallan gaba ɗaya bayan ɗaya da tsumma, yana gogewa yana dannawa don su yi ƙyalli. Ba a yi mako ba ya fara jin wani zafi na taso masa ta inda yake zaune. Ya ce basir ne, ya sha saiwa mai ɗaci har ya rame. Da abin ya ƙi, ya je gareji ya ce motar tana zafi. Makanike ya ce, "A ina?" Falke ya dubi mutanen da ke zaune a benci, bakinsa ya kasa ambaton wurin, ya nuna inji. Aka wanke lagireto, aka sauya fanka, aka juye baƙin mai. Inji ya yi sanyi kamar randa, mai motar yana ta dahuwa.

Ana haka sai surukinsa, uban matarsa, ya aiko a kai shi sunan jika a wani gari mai tafiyar awa uku. Tsakaninsu akwai kunya irin ta da, ba sa haɗa ido, ba sa haɗa kwano, kuma falke ya daɗe da sanin dattijon bai ɗauke shi a bakin komai ba. Ya ce yau ce ranar wanke kai. Ya ɗaure ragon suna a baya, ya buɗe wa dattijo gidan gaba da hannu biyu. Tsakiyar bazara ce, kwalta har tana kama takalmi. Ba su bar gari ba dattijo ya fara muskutawa. Ya karkata dama, ya karkata hagu, ya ɗaga jikinsa da hannu kamar mai shirin tashi daga tahiya, carbi na gudu a yatsunsa. An ce goron da ke aljihunsa sai da ya gasu. Amma wane dattijo ne zai dubi mijin 'yarsa ya ce mazaunina na ƙuna? Falke shi ma gumi ya jiƙa shi har ya cire hula, yana ganin komai ta wutsiyar ido. Da tura ta kai bango dattijo ya ce a tsaya. Ya fita, ya zagaya, ya buɗe baya ya zauna kusa da rago. Falke ya durƙusa a kan kwalta ya ce, "Baba, don girman Allah." Dattijo ya kawar da kai ya ce, "Ja mu tafi, nan ya fi iska." Ba a jayayya da suruki. Falke ya ɗora hularsa a kujerar da aka bari, ya ja mota.

Haka suka shiga gidan suna, jama'a cike a kan tabarmi. Aka buɗe baya, dattijo ya sauko da kashin rago a gefen babbar riga. Wan matar falke ya leƙa cikin motar, ya ce da ƙarfi, "Lallai arziki ya zo! Hula a gidan gaba, Baba a wajen kaya." Falke ya so ƙasa ta tsage, don ba shi da bayanin da zai yi sai wanda ba ya faɗuwa a gaban mutane. Wani tsohon direba da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jigilar motoci daga Kwatano ya matso, ya dafa kujerar, ya janye hannu da sauri, ya sa yatsa ɗaya ya danna wani maɓalli mai jar wuta. Ya ce Turawa ne suka sa wa kujerun abin ɗumama jiki saboda sanyin ƙasarsu, kuma wannan an ƙure shi, a kujerun gaba duka biyun. Dariya ta ɓarke har cikin gida wajen mata. Dattijo bai yi dariya ba. Ya kaɗe rigarsa, ya tambayi direban ko akwai motar haya da za ta koma da yamma. Falke ya koma gida shi kaɗai a doguwar motarsa, kujera ta yi sanyi, fuska ta ɗauki zafin.

In ka je sayen taka, ka zauna a nuna maka, ko da duk garinku na kallo. Matambayi ba ya ɓata.